Tafiyarmu Yamai: Ko Kayanmu Za Su Hau Kantar Manyan Kantuna?

 

Tun bara wata magana take yawo a tarurrukanmu na mako. Ana cewa a Yamai manyan kantunan sayar da cimaka sai buɗewa suke yi a tsakiyar gari, kuma suna karɓar kayan da mata suke sarrafawa da hannunsu. Wasu daga cikinmu sunka ce kada a bar mu a baya: a fitar da rabin abin da ke cikin akwati, a sayi robobi da na'urar liƙe leda, a fara aika kaya. Wasu kuma sunka ce kuɗin nan na iri ne da takin zamani da kayan lakkwal na yara, ba za a taɓa su bisa jita-jita ba. Da gardama ta yi tsawo, tarayyar ƙungiyoyinmu ta yanke shawarar a tura mutum huɗu su je su gano da idonsu. Kowace ƙungiya ta ba da gudummuwar kuɗin mota, don haka wannan labari bashi ne muke biya.

Mu huɗun da munka tafi: shugaba, ma'ajiya, sakatariya, da ɗiyar wata ƴar ƙungiya da ta yi kwaleji, don ta karanta muna faransanci. Munka ɗauki samfurin abin da muke yi: tigadege, ƙuli-ƙuli, dakuwar aya, garin zogala da wasa-wasar wake.

Hanya

Kar ta tashi daga Maradi tun kafin kiran assalatu. Tsakaninmu da Yamai akwai sama da kilomita 650, wuni guda ke nan a zaune. Wadda ba ta taɓa bin wannan hanya ba, ta sani kasuwa ce doguwa da anka shimfiɗa a bakin gudaro. Bayan Tsibiri da Gidan Rumji sai Madawa, garin kilishi da tabarmi. A Galmi buhunan albasa ne jere, albasar nan mai launin jan garura wadda sunanta ya kai har ƙasashen bakin teku. Mun wuce Malbaza da masana'antar siminti, mun wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa take rabuwa, munka ɗan tsaya Ƙwanni. A Dogon Dutsi mata suna tallar beruwa, wadda suke yi da garin wake kamar wasa-wasarmu. Daga Doso harshe ya fara juyawa zuwa zabarmanci. Sai Birnin Gaure, sai Kure inda raƙuman dawa suke, sai ga fitilun Yamai da almuru.

Duk inda kar ta tsaya, yara mata da manya suna zagaye ta da tire a kai. Mai saye ya miƙo kuɗi ta taga, a miƙa masa kaya, an gama. Ma'ajiyarmu tana kallo ta ce: "Kun ga cinikinmu na gado, hannu da hannu. Kafin kar ta tashi kowa ya san ribarsa." A lokacin mun ɗauka hira ce ta hanya. Bayan kwana biyu wannan magana ita ce ta zama ma'aunin duk abin da munka gani.

Mun sauka gidan ƙanwar sakatariyarmu, wadda ta yi aure a Yamai shekaru da yawa. Ita ta zama jagorarmu, Allah ya saka mata.

Tsakiyar gari

Da safe munka shiga takasi zuwa tsakiyar gari. Jagorarmu ta fara kai mu Babbar Kasuwa, wadda zabarmawa suke kira Habu Bene. Gobara ta cinye ta a 1982, anka sake gina ta da katanga da manyan ƙofofi, anka buɗe a 1987. Daga nan munka gangara wajen Ƙaramar Kasuwa, Habu Ganda. A da, nan ne cibiyar cefanen tsakiyar gari: kayan lambu, nama, kifi, yaji, duk a wuri ɗaya. Ita ma ta ƙone a 2012, kuma ba ta koma yadda take ba. Ƴan kasuwarta sunka watsu, wasu sunka koma wasu kasuwanni, wasu sunka kafa teburi a bakin tituna na kusa.

Wadda ta daɗe ba ta zo Yamai ba sai ta yi ɓatan kai. An yi gadojin sama, ɗaya daga cikinsu kusa da kasuwar Katako. An gina manyan otal da faffaɗan tituna lokacin da ƙasarmu ta karɓi taron shugabannin Afirka a watan Yuli na 2019. Kogin Isa yanzu gada uku ne a kansa. Tsakanin bankuna da ma'aikatu da gidajen mai, can za ki ga kantunan da munka zo dominsu, da ƙofar gilashi da hotunan kaya a bango. Ƙanana ana ce musu alimantasiyo, manya kuma sufermarshe.

Jagorarmu ta ce lokacin da ta zo garin irin waɗannan kantuna ƴan kaɗan ne, yawanci na ƴan Labanan, masu shiga kuwa Turawa ne da manyan ma'aikata. Yanzu ƴan kasuwarmu ma suna buɗewa, a tsakiyar gari da kuma bakin gudaro cikin unguwanni. Munka tambaye ta dalili. Ta ce: "Yaya, dubi matan da ke fitowa daga ma'aikatun nan. Tun safe suna aiki, sai la'asar sakaliya su tashi. Wace ce za ta je ta kutsa Katako, ta yi ciniki, ta dawo ta surfa hatsi ta kai niƙa? Tana son ta tsaya wuri ɗaya, ta ɗauki abin da anka riga anka gyara, ta wuce gida." Wannan ya nuna muna wace ce mai sayen: mace mai albashi wadda ba ta da lokaci. Wahalar surfe da tankaɗe da shanya da muke sha, ita take son ta biya kuɗi a ɗauke mata.

Cikin kanti

Kantuna biyar munka shiga cikin kwana biyu, manya biyu da ƙanana uku. A bakin ƙofar babban, mai gadi ya karɓi jakunkunanmu ya ba mu lamba. Muna shiga sanyi ya buge mu kamar asubahin Janairu. Ba hayaniya, ba mai kiran "Hajiya zo ki gani". Kowa ya ɗauki kwando ko ya tura ɗan keken zuba kaya, yana bin layi yana zaɓa da kansa.

Abubuwa uku da munka saba da su babu su a nan: ba ciniki, ba gyara, ba bashi. Kuɗin kowane abu yana rubuce a gaban kanta. Kuma ku lura, ƴan uwa, da sefa ake rubutawa, mu kuwa da dala muke lissafi. In kin ga 750, ki raba biyar, dala 150 ke nan. In kin ga 2.500, jika biyu da rabi ne. Sakatariyarmu ta ce ko don wannan kaɗai karatun yaƙi da jahilci ya biya kuɗin sabulunsa. A wurin fita yarinya tana zaune gaban na'ura, ta haska wasu baƙaƙen layuka da ke jikin kaya, kuɗin ya fito, ta ba ki ƴar takarda.

Mun bi kanta ɗaya bayan ɗaya, ɗiyarmu tana karanta muna inda anka yi kowane abu. Shinkafa daga Indiya da Tailan. Madarar gari daga Turai. Tumatirin gwangwani, makaroni, biskit, man girki, kusan duk daga waje. Mun tsaya gaban wata kwalba ta gujiya niƙaƙƙiya da ta ƙetaro teku, kuɗinta ya ninka na tigadegenmu sau da yawa. Ma'ajiya ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce: "Wannan fa gujiya ce, ba wani abu ba. Riga kawai ta fi mu."

Amma a kowane kanti mun iske ɓangaren kayan gida. Akwai shinkafar bakin kogi, kilishi a leda mai tambari, cuku, zuma, gabu, yaji, daddawa, garin kunu, dege busasshe, beruwar Dogon Dutsi, ganyen zogala, da zoɓo da lemun citta cikin firigo. Da yawa a jikinsu sunan ƙungiyar mata ne ko na mace guda, da lambar waya. Mun daɗe a nan, kowa ta yi shiru. Abin da muke tallarsa a tire, ga shi a ƙarƙashin fitila, kuma mun ga mata masu mota suna ɗauka suna sakawa a kwando.

Wani ma'aikacin kantin ya ce muna kayan gida sun ƙara samun wuri a ƴan shekarun nan. Tun watan Yuli na 2023 da anka rufe iyaka da Benin, kayan da a da suke biyowa daga Kwatano ta Gaya sun koma zagayowa ta Lome su ratsa Burkina. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, wani lokaci kaya su yi jinkiri. Mai kanti kuwa ba ya son kanta ta zauna wayam. Ashe maganar da ake yi a tarurrukanmu tana da tushe: ƙofa a buɗe take.

Sharuɗɗan mai kanti

A kanti na uku munka samu ganin mai kula da sayen kaya. Mutum ne mai fara'a, ya ba mu kujeru, ya ɗanɗana tigadege da dakuwa. Ya ce: "Inna, kayanku sun yi daɗi, ba ƙarya. Amma daɗi kaɗai ba ya hawa kanta." Sai ya jero muna abin da yake bukata, sakatariya tana rubutawa.

Na ɗaya, mazubi. Roba ko kwalba sabuwa mai murfi da hatimi, ko leda mai kauri da anka liƙe da na'ura. Ƙullin leda da gorar ruwa da anka wanke ba su shiga.

Na biyu, takardar da ake mannawa. Dole ta nuna sunan kaya, abin da anka haɗa, nauyi, ranar da anka yi, ranar da zai lalace, da sunan masu yi da lambar wayarsu.

Na uku, awo. Tiya da ludayi ba su aiki a nan, sai sikeli. In an rubuta giram 500, kowace roba ta zama giram 500.

Na huɗu, shaidar lafiyar kaya. Ya ce manyan kantuna suna ƙara neman takardar gwaji. Ya ambaci LANSPEX, ɗakin gwaji na ƙasa da ke Yamai, da hukumar ANMC mai kula da inganci da awo. Game da gujiya ya ja muna kunne bisa wata guba da ake kira aflatoksin, wadda ke fitowa daga ruɓewa in gujiya ba ta bushe sosai ba ko an ajiye ta wuri mai laima. Suya ba ta kashe ta, kuma tana lalata hanta. Maganinta a shanya da kyau, a tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse kafin a niƙa. Wannan nasiha ce da ta shafe mu ko ba mu sayar wa kowa ba, tunda ɗiyanmu ne suke fara ci.

Na biyar, ɗorewa. Ya ce abin da ya fi ba shi wahala da ƙungiyoyin ƙauye shi ne su kawo sau biyu, mutane su saba, sai damina ta faɗi kowa ya tafi gona, waya ma ba a ɗauka. Ko kuma na wannan wata ya yi laushi, na wata mai zuwa ya yi gishiri.

Duk waɗannan mun ga za mu iya, da horo da haƙuri. Sai ma'ajiya ta yi tambayar da ta kawo mu: "To Alhaji, in mun kawo, yaushe ake biya?" Ya ce ga sababbin masu kawo kaya ba ya saye, ajiya yake karɓa. Ku ajiye, in an sayar a ƙirga a ƙarshen wata a ba ku kuɗin abin da ya fita. Wanda bai fita ba har ranarsa ta kusa, ku zo ku kwashe abinku. Wanda ya fashe ko ya zube a hanya, naku ne. A cikin kantuna biyar ɗin, huɗu haka sunka faɗa muna. Guda ɗaya, ƙarami, ya ce zai biya nan take, amma roba goma kawai zai ɗauka ya gwada.

Lissafin dare

Da dare munka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, munka kunna fitilar waya, munka fito da littafi. Ga lissafin da munka yi, mun sa shi da lambobi masu sauƙi don kowace ƙungiya ta sake yi da nata farashin.

A ce mace ta ɗauki bashin jika 100 daga akwati. A ƙungiyarmu ribar asusu kashi 10 cikin 100 ce a wata, wato jika 10 kowane wata. Da kuɗin ta sayi gujiya, ta biya niƙa, ta sayi robobi da takardun mannawa, ta biya kuɗin mota zuwa Yamai, ta samu roba 100 na tigadege. Kowace roba ta tsaya mata jika ɗaya. A ce kanti ya yarda zai ba ta jika ɗaya da dala 60 a kowace roba. In duka sun fita, jika 130 ke nan.

In kuɗin sun dawo cikin wata ɗaya, ta biya akwati jika 110, ta tsira da jika 20. In sai bayan wata biyu, ta biya jika 120, saura jika 10. In sun kai wata uku, ta biya jika 130, ta tashi a tutar babu, ga wahalar suya da niƙa. In kuwa a wata na biyu anka maido mata roba 10 da ba su fita ba, abin da za ta karɓa jika 117 ne, akwati yana bin ta jika 120. Sai ta ciro jika 3 daga bakin zanenta ta cika.

Yanzu ku kwatanta da mace mai kai tigadege kasuwar mako. Ribarta a kowace fita ƙarama ce, amma kuɗinta suna dawowa hannunta ran kasuwa da yamma, ta sake sayen gujiya. A wata guda jarinta ya juya sau huɗu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wannan shi ne babban abin da munka gano a Yamai. Kanti yana da kuɗi, amma tafiyarsa a hankali take. Akwatinmu kuwa da mako yake numfashi. Tun 1991 da anka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, ƙarfinsa shi ne kuɗi su fita su dawo da wuri, wata ma ta samu. In rabin akwati ya tafi ya kwanta bisa kanta a Yamai, ranar da ɗan wata ya kwanta ciwo ko haihuwa ta zo da gardama, me za mu buɗe mu ba ta? In lokacin rabo ya zo gab da damina, kuɗi suna hannun mai kanti, da me za a sayi iri?

Katako da wata ƴar uwa

Kwana na uku munka shiga Katako da Wadata don mu ga ko kantunan sun kashe kasuwa. Ko kusa. Mutane kamar ƙasa, amalanke da kura suna gogayya, mata zaune gaban tulin tattasai da kuɓewa da kuka. Yawancin mutanen Yamai har yau a nan suke cefane, ko a shagon unguwa inda ake sayar da mai na dala 20 da sukari na dala 10, kuma mai shago ya rubuta bashi har ƙarshen wata. Mai neman na yau da wuya ta sayi roba guda ta rabin kilo. Su ma ma'aikatan da munka gani a kanti, jagorarmu ta ce buhun hatsi da na masara a kasuwa suke saye.

Da la'asar jagorarmu ta kai mu gidan wata mata mai sarrafa hatsi, wadda ta shekara da shekaru tana kai dege da garin kunu kantuna. Ta karɓe mu kamar ƴan ɗaki ɗaya. Ta nuna muna ɗakin aikinta: ƙasa da siminti, taga da raga, masu aiki da ɗankwali da abin rufe baki, wurin shanya a sama an lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Sannan ta ɗauko wani littafi da ya sha hannu. Kowane kanti da shafinsa: ranar da ta kai, adadi, sa hannun wanda ya karɓa, ranar da anka biya.

Ta ce: "Ƴan uwana, kada ku bar ko leda ɗaya ba tare da an sa muku hannu ba. Mai karɓa yau, gobe an canza shi, wa za ki kama?" Ta ce ita tana cikin gari, duk mako tana zagayawa ta duba kayanta, ta goge ƙura, ta matso da su gaba, ta tambayi kuɗinta. Wani kanti sai ta je sau uku kafin a biya. "Ku da kuke Maradi, wa zai yi muku wannan sintiri? Kuɗin kar zuwa da dawowa kaɗai ya cinye ribar."

Munka tambaye ta, to me ya sa ba ta bari ba? Ta yi dariya ta ce kanti allon talla ne. Mace ta sayi leda ɗaya a can, ta ji daɗi, ta ga lambar waya a jiki, ta kira ta yi odar buki ko ta azumi, ta biya nan take. Yanzu yawancin cinikinta ta waya yake zuwa, ta WhatsApp. Ta kuma ba mu shawarar baje kolin noma da kiwo da ake kira Sahel, wanda ake yi a Yamai tare da RECA, tarayyar zaurukan manoma. A can mai kaya yana tsaye bisa kayansa, ana biya hannu da hannu, kuma masu kantuna da kansu suna zuwa neman sababbin kaya.

Abin da muke ba da shawara

Mun dawo gida lafiya, mun ba tarayya rahoto. Ga abin da munka kawo, kowace ƙungiya ta tattauna a zamanta na mako.

Kada a ɗauki bashin akwati mai riba ta wata-wata a kai kaya ajiya kanti. In ana son a gwada, a buɗe wani zubi daban, ƙarami, wanda kowa ta san zai iya yin wata uku bai dawo ba. Akwatin bashi da na taimakon gaggawa su zauna inda suke.

A fara da gida. Maradi da Damagaram da Tawa duk suna da alimantasiyo a tsakiyar gari da gidajen mai. Inda kabu-kabu zai kai ki ki dawo kafin azahar, nan za ki iya bin kuɗinki. In an saba da aikin, Yamai ba ta gudu.

A fara da kayan da ba su lalacewa da wuri: garin zogala, wasa-wasa, gabu, aya busasshiya, yaji. Zoɓo da nono da duk abin da ke bukatar firigo a bar wa na cikin gari, don in wuta ta ɗauke asarar mai kaya ce.

A haɗa kai. Ƙungiya guda ba za ta iya sayen sikeli da na'urar liƙe leda, ta biya gwaji, ta buga takardu, kuma ta ɗore da kawo kaya rani da damina ba. Ƙungiya biyar ko goma za su iya, da suna ɗaya da awo ɗaya, a raba aiki ta yadda ko lokacin noma akwai masu yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nemi mutum amintacce a garin da kantin yake, a yanka masa ladansa tun farko a rubuce. Kuma komai a rubuce: adadi, farashi, ranar biya, da wanda zai ɗauki asarar abin da ya lalace. A nan ne ƴan uwanmu da sunka yi karatun manya za su yi muna rana, don haka masu fashin aji su koma.

Tsabta da tsince gujiya da rubuta rana kuwa, waɗannan ba sai mun jira kanti ba. Mu fara tun gobe a kayan da muke kai kasuwar mako. Wata daga cikinmu ta riga ta fara manna ƴar takarda mai lambar waya a robobinta, kuma ta ce an kira ta daga wani gari.

A taron da munka yi bayan dawowa, tarayyarmu ta amince da zubin gwaji na dala 20 a mako ga mai so, kuma za a fara da kanti biyu a cikin Maradi bayan salla. Duk abin da ya fito, riba ko faɗuwa, za mu rubuto muku da lambobinsa.

Muna roƙon ƙungiyoyin Damagaram da Tawa da Doso da Yamai waɗanda sunka riga mu shiga wannan harka, ku aiko da labarinku ga wannan takarda: kwana nawa kuke jira kafin a biya ku, kuma wane kaya ya fi fita? Abin da ɗaya ta sani ya zama na kowa.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare muna akwatunanmu, ya kai mu damina lafiya. Sai mun ji daga gare ku.

Daga shugabar wata ƙungiyar asusu a jihar Maradi, a madadin ƴan tafiya huɗu.